Alƙalin Wasan da Bai Iya Tambaya Ba

A ƙauyukan rake da ke bayan San Pedro babu wanda bai san muryar Anacleto Hodge ba. In ya dunƙule hannu ya ce "Ya fita!", har masu saran rake a gonar da ke bayan fili sukan ɗago kai su san an kori wani. Cleto muke ce masa. Dogo ne, baƙi wuluk, ba ya dariya sai da dalili, dalilin kuma ba ya yawan zuwa. Kakansa daga ƙananan tsibirai ya zo aikin sukari, da Littafi Mai Tsarki a hamata da Turanci a baki. Turancin ya zube a hanya kafin ya iso kan Cleto, amma taurin wuyan ya iso lafiya lau, ko ƙwarzane babu.

Yana ƙarami, a watannin da masana'antar sukari ke tsayawa babu aiki babu albashi, ya taɓa ce wa wata maƙwabciya yana jin yunwa, ta ba shi burodi. Ubansa bai dake shi ba. Ya sa shi a gaba ne kawai, yana biye da shi a baya, har ƙofar matar, ya sa ya mayar da burodin ya yi godiya. A hanyar dawowa ya ce masa, "Ɗan gidan Hodge ba ya miƙa hannu." Yaron ya riƙe maganar fiye da yadda uban ya yi nufi.

Ranakun mako yana ɗakin tukwanen dafa ruwan rake a masana'antar sukari, inda sai ka sa bakinka a kunnen mutum kafin ya ji ka. Nan ya ci ƙuruciyarsa har ya yi furfura, har aka wayi gari an sa wa masana'antar kwaɗo. Ranar Lahadi kuwa alƙalin wasan besbol ne a gasar ƙauyuka, kuma in ka tambaye shi sana'arsa wannan zai faɗa maka, ba ta tukwane ba. Kamar kowane yaro a nan, ya so ya zama ɗan wasa, masu neman 'yan wasa suka sa shi gudu suka ce ƙafarsa ta yi nauyi. Wata rana alƙalin da aka ɗauka ya kwana a mashaya bai zo ba, aka ce a nemo wanda ba shi da aboki a ƙungiyoyin biyu. Duk yatsu suka nuna Cleto. Haka ya shiga aikin.

Gasarmu ba ta da ƙarfin ɗaukar alƙalai huɗu kamar ta birni. Biyu ne. Ɗaya yana durƙushe a gida bayan mai cafke ƙwallo, da garkuwar ƙarfe a fuska. Ɗayan yana cikin fili, shi kaɗai yake kula da zangunan nan uku da mai gudu zai taka kafin ya dawo gida. Wannan makon kai ne a gida, mako mai zuwa ka koma fili. Abokin Cleto a wannan karɓa-karɓa tun suna da baƙin gashi shi ne Melanio Peguero, mai facin taya a mararraba, gajere mai tumbi, ga surutu kamar an kunna rediyo an manta da ita. Shi ne mai babur, shi yake biyowa ya ɗauki Cleto su kama hanya ta cikin rake. Cleto ne ya riƙe 'yar Melanio ta fari a coci ranar baftisma. Tun daga ranar suka zama kompai, wato aminan da baftisma ta haɗa, suka daina ce wa juna "kai", sai "ku", kamar yadda ake yi. Ko zagi ne, da "ku" ake yin sa.

Akwai ƙa'idar da tsofaffin alƙalai suka bari, ba a rubuce take ba amma ta fi rubutacciya ƙarfi: ba ka soke hukuncin abokin aikinka. Ko da idonka biyu ka ga ya tafka kuskure, ko filin zai kama da wuta, hukuncin zangonsa nasa ne. Abin da aka yarda maka ɗaya ne. Ka cire hularka, ka riƙe ta a ƙirji, ka tsaya shiru. Ma'anarta, na ga abin da ba ka gani ba, in kana so zo ka karɓa. In ya tako ya tambaye ka, ka raɗa masa, shi kuma ya gyara da bakinsa. In bai zo ba, ka mayar da hularka ka haɗiye abin da ka gani.

Melanio ba ya jin kunyar tahowa. Da ya hango hular Cleto a ƙirji zai ɗaga hannu ya tsayar da wasa, ya taho yana rangaji.

"Kompai, me na ɓata kuma?"

"Ƙwallo ta suɓuce masa. Jikinsa ne ya kare muku."

"Ashsha! Allah ya bar mini ku." Sai ya juya ga jama'a ya baje hannuwa. "Ya tsira! Ni ne makahon, a yi haƙuri!" Mutane su yi ta dariya, har waɗanda abin ya ci.

Cleto kuwa tunda ya sa shuɗiyar rigar alƙalai ba a taɓa ganin ya taka zuwa wurin kowa ba. Gaskiya ba ya yawan kuskure, wannan kowa ya shaida. A zangon farko, inda ƙafar mai gudu da ƙwallo kan iso kusan tare, babu kamarsa. An ce gani ya kori ji, amma a wannan wurin ido kaɗai ba ya isa, don ba ya kallon abu biyu a lokaci ɗaya. Sai ka kafa idonka a kan ɗan matashin da ake ajiyewa a ƙasa alamar zango, inda ƙafa za ta sauka, ka bar wa kunne aikin jin faɗawar ƙwallo cikin safar fata da ke hannun mai tsaro. In tas ta riga ƙafa, ya fita. In ƙafa ta riga tas, ya tsira. Cleto yakan ce kunnensa na dama ya fi idon mutum goma.

Amma ɗan Adam ajizi ne. Wata Lahadi a Palo Bonito, a shekarunsu na farko tare, mai tsaron zangon farko ya miƙe ya cafe ƙwallo, ƙafarsa ta bar matashi da kusan taƙi guda. Daga inda Cleto yake, bayan mutumin ya kare masa. Ya ce mai gudu ya fita. Daga gida Melanio ya ga komai, ya cire hula ya riƙe. Cleto ya gan shi sarai, ya juya masa ƙeya, ya tafi yana share ƙasa da takalmi.

Kocin Palo Bonito ya ruga wurin Melanio, jijiyar wuya a tashe. "Melanio, kai ma ka gani! Don girman Allah ka buɗe baki!"

"Je ka wurin mai shi."

"Mai shi ai dutse ne!"

"To je ka yi wa dutsen magana. Ni ba zangona ba ne."

Ranar sun sha ruwan ɓawon lemo. Suka bar fili kafaɗa da kafaɗa, don alƙalai ba sa fita ɗai-ɗai. Sai da suka yi nisa Melanio ya tsayar da babur a gindin wani mangwaro.

"Kompai, hannuna har ya sage da riƙon hula."

"Na tambaye ku?"

"Ba ku tambaya ba. Amma ƙafar nan tasa..."

"Ku bar ta inda take."

Melanio ya dube shi, ya kaɗa kai, ya yi dariya. "Matambayi dai ba ya ɓata." Cleto ya ce shi bai ɓata ba, ya san hanyar gidansa. Haka aka yi ta yi. Jefi-jefi hular Melanio takan sauko, Cleto ya juya ƙeya. Daga baya ma ya daina duban wajen gida in ya yanke hukunci, don kada ya gani.

Da yamma a kantin Don Plinio ake zama. Shi ne mai kanti, shi ne kuma shugaban gasar, tunda shi yake sayen ƙwallaye. Akwai talabijin a saman firji, kuma tun da manyan gasannin waje suka fara tsayar da wasa a duba hoto a soke hukunci, gardama ba ta ƙarewa a teburin domino.

"Ka gani ko, Cleto?" in ji Don Plinio, yana nuni da bakin kwalba. "Waɗannan da ake biya da dala ma ana gyara musu. In Melanio ya ga gaskiya, me zai hana ya faɗe ta? Gaskiya muke nema ko lallashin alƙali?"

"In ya soke nawa yau, gobe duk abin da na yanke sai an dubi fuskarsa tukuna," in ji Cleto. "Jibi a dubi tawa a kan nasa. Kafin wata ya mutu kuna da mutum biyu masu shuɗiyar riga, ba ku da alƙali ko ɗaya."

"Yaron da aka kora ba da haƙƙinsa ba fa?"

"Ya sake bugawa a zagaye na gaba."

"Kai dai ko shari'ar ranar ƙarshe aka ba ka, ba za ka nemi shawarar mala'iku ba!"

Melanio ya buga ƙwayar domino a tebur har kwalabe suka yi tsalle. "A ƙyale mini kompai. Ƙa'idar ba ta da laifi, Don Plinio, rabi biyu ce. Ɗaya ya kame bakinsa, ɗaya ya buɗe nasa. Ni dai ina riƙe da rabina." Aka kwashe da dariya, ban da Cleto.

Hali zanen dutse, kuma nasa ba a fili kaɗai ya tsaya ba. Da 'yarsu tilo ta haihu a New York, ta aiko wa uwarta Ondina, matar Cleto, da takardun tafiya, wai ta zo ta taya ta reno na ɗan lokaci. Ondina ta yi kwana da kwanaki tana shirya akwati ɗaya. Ta sa kaya, ta fitar, ta dube shi. "Wa zai riƙa yi maka guga?" Ya ce ya iya. "Maganin hawan jininka fa, za ka tuna?" Ya ce zai tuna. Duk layin sun san abin da matar nan take jira ya faɗa, har akun maƙwabta. Shi ma ya sani. Ya ɗauki akwatin ya kai mata mota. Jikan yanzu yana makaranta, an yi masa ƙanne biyu, Ondina tana kira ranar Asabar ta tambaye shi ko lafiya, ya ce lafiya.

Gidan ya yi masa yawa. Da safe yakan dafa agade ya kirɓa, ya ci rabi ya rufe rabi. Ya zauna a baranda ya kalli bututun masana'anta da ya daina hayaƙi. Kaɗaici ya ci shi, ba kaɗan ba, kuma babu mahaluƙin da zai ce ya taɓa jin haka daga bakinsa. Duk mako yana zaman jiran rana ɗaya. Lahadi ce kaɗai ranar da wani yake tsayawa saboda shi, ranar da yake cin shinkafa da wake da kaza kusa da farantin wani, yana sauraron Melanio yana yi wa duniya tsiya da cikakken baki. In aka cire masa Lahadi, ba abin da ya rage masa.

Sai kunnen ya fara tafiya. Ɗakin tukwane bai manta da shi ba. Na hagu ya daɗe da yin nauyi, bai damu ba. Amma na dama, wanda yake taƙama da shi, ya soma yi masa shuu kamar an bar famfo a buɗe cikin kansa. Tas ɗin safar fata ta koma can nesa, wata rana ta zo, wata rana ya jira ta shiru. Ya koma satar kallon ƙwallo da gefen ido, abin da shi da kansa yakan ce aikin sabon shiga ne. Melanio bai gane ba, kuma ba laifinsa ba ne, don Cleto mai ji da Cleto marar ji duk shiru suke yi.

"Kompai, kuna ji na kuwa?" yakan ce a wurin cin abinci, ƙashin kaza a hannu.

"Ina ji."

"To me na ce?"

"Abin da kuka saba cewa."

Melanio ya yi ta dariya har da tari, ya ɗauko labarin daga farko.

A gida, bayan mai cafke ƙwallo, ido ne ke aiki, nan Cleto ba shi da damuwa. Da ya ce wa Melanio, kompai, ku bar mini gida ku riƙe fili, da Melanio ya amsa kafin ya rufe baki. Sau da yawa maganar takan zo har bakinsa, ta koma.

Kurakurai suka fara taruwa, ƙorafi ya fara isa kanti. Wata Asabar Don Plinio ya ja shi gefe, bayan buhunan shinkafa.

"Cleto, kociyoyi sun dame ni a kanka. Ina jin nauyinka, kai ma kada ka ba ni kunya. Akwai abin da ke damunka?"

"Babu."

"Akwai samari da suka yi kwas ɗin alƙalanci a birni, suna jiran wuri. In aka sake tashin hankali a kan zangon farko, ba yadda zan yi."

"Na ji," in ji Cleto. Rabin maganar a leɓen mutumin ya karanta ta.

Wasan kusa da na ƙarshe ya faɗo a Cañada Honda, su da 'yan Palo Bonito, kuma makon Cleto ne a fili. Rana ta take. Jama'a sun cika benci, sun hau katanga, sun hau wata tsohuwar motar rake. 'Yan Cañada Honda sun zo da ganguna da ƙahoni da murafen tukwane. A zagaye na ƙarshe ana bin su ci ɗaya, an kori musu mutum biyu, saura ɗaya wasa ya ƙare, suna da mai gudu a zango na uku. Mai bugu ya doki ƙwallo ta bi ƙasa, mai tsaro ya sure ta ya wurga zangon farko. In mai bugu ya riga ƙwallo, na zango na uku ya shiga gida, an yi kunnen doki. In ƙwallo ta riga shi, Cañada Honda ta fita daga gasa.

Cleto ya tsaya inda ya kamata, ya kafa ido a matashi. Ya ga ƙafa ta sauka. Bai ji komai ba, sai ganguna da ƙahoni da famfon nan na cikin kansa. Da ya ɗaga ido ƙwallo tana cikin safa, ba ta gaya masa lokacin da ta shiga ba. Hannunsa ya tashi da kansa, kamar yadda ya saba.

"Ya fita!"

Filin ya hargitse. Mai bugu ya yi jifa da hular kwano, ya durƙusa yana dukan ƙasa. Kocin Cañada Honda ya taho a guje, matasa sun fara tsallako shingen waya. Cleto ya sha ganin irin wannan, bai taɓa girgiza shi ba, don kullum a ransa ya san abin da ya ji. Yau bai sani ba. Tsoro ya kama shi, ba na dutse ko kwalba ba, tsoron Lahadi mai zuwa ta same shi a baranda.

Ya ɗaga hannu biyu ya tsayar da komai. Sannan ya juya ya fara takawa zuwa gida.

Waɗanda suke wurin har yau suna ba da labari. Gangunan suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Kocin ya tsaya da baki sake. Wata tsohuwa mai sayar da fanke ta dafe ƙirji ta ce, "Maryamu uwar Yesu! Cleto Hodge zai yi tambaya!" Tsakanin zangon farko da gida ba wani nisa ba ne, samari na cinye shi kafin ka ƙifta ido, amma shi ji ya yi kamar ya tafi San Pedro a ƙafa.

Melanio yana tsaye, garkuwa a hannun hagu, hula a ka.

"Kompai," in ji Cleto. "Me kuka gani?"

Melanio ya dube shi kamar an kwaɗa masa mari. Ya ce wani abu. Cleto ya sunkuyo, ya karkato da kunnen dama, a gaban duk jama'ar nan. Da Melanio ya ga wannan sunkuyon, nan take ya gane abin da ya daɗe yana gabansa, fuskarsa ta canza. Ya yi ɗage ya sa baki a kunnensa.

"Ban gani ba, kompai."

"Ku faɗa mini. Ko mene ne, zan karɓa."

"Na rantse da kabarin uwata, ban gani ba. Mai shigowa gida nake kallo."

"Kafin ya iso fa? Akwai lokaci. Ni kullum ina duba muku."

Melanio ya sake sa baki a kunnensa. "Na daina duba ɓangarenku, kompai. Na daɗe da dainawa. In gani, in kwana da abin a ciki, ku kuma ba kwa zuwa. Sai na koya wa idona ya tsaya a nawa."

Babu fushi a muryarsa, da akwai ma da abin ya fi sauƙi. Cleto ya tsaya cak. Duk shekarun nan, ko da ba ya waiwaye, ya ɗauka akwai ido a bayansa. Ashe shi kaɗai ne a filin tun ba yau ba, bai ma san tun yaushe ba.

"In kuna so," Melanio ya sake raɗa masa, "in ce na ga ya tsira. Mutanen nan za su lafa."

"Ba ku gani ba."

"Ban gani ba."

"To."

Ya juya ya koma cikin fili, ya sake dunƙule hannu. 'Yan Palo Bonito suka yi tsalle, sauran kuma suka yi abin da aka saba, sai dai ranar ba ɓawon lemo kaɗai aka jefa ba. Sai da 'yan sanda suka raka su bayan makaranta, inda aka ajiye babur. Har yau babu wanda ya san gaskiyar wannan hukunci. Wanda ya ɗauka a waya ma, kan wani ne ya kare masa.

Don Plinio ya same su a can yana sharce gumi. Cleto yana zaune a dakali yana cire takalmi, kwalba ta fasa masa gefen gira. Bai jira a fara ba.

"Na ajiye, Don Plinio. Ba sai kun faɗa ba."

Don Plinio mutum ne mai son a rabu lafiya, amma ba mugu ba ne, kuma shi ma ya ga sunkuyon nan. Ya sosa ƙeya, ya ɗaga murya yadda Cleto zai ji. "Ni ban ce ka ajiye ba tukuna. Melanio, kai ne abokin aikinsa. In ka ce ya zauna, a bar masa gida kullum kai ka riƙe fili, ni na san yadda zan yi da kociyoyin nan. Ka yi magana."

Cleto bai ɗago ba. Yana ta warware igiyar takalmin da ta riga ta warware. Ɗan abin da ya rage masa na ji ya tattara shi wuri ɗaya. A ransa roƙo yake kamar ƙaramin yaro: ku soke, kompai, ku soke wannan ɗaya, ku ce ƙarya nake, ku ce ban isa ba. Tunda yake bai taɓa son wani abu kamar yadda ya so a ƙaryata shi a wannan lokacin ba.

Melanio ya daɗe yana kallonsa, yana jira ya ɗago ido ko sau ɗaya. Idon bai ɗago ba.

"Shi ya yanke, Don Plinio," in ji shi daga ƙarshe. "Ban taɓa shiga gabansa ba. In yana da abin da zai tambaye ni, ya san inda nake."

Cleto ya sa takalmin a jaka ya rufe. Ya yi tambayarsa ɗaya tal a duniya, ya ga abin da ta haifa, ba shi da ƙarfin ta biyu. Suka hau babur. Melanio ya kai shi gida.

Lahadin da za a yi wasan ƙarshe ya tashi da wuri, don jiki bai san an ajiye ba. Ya yi aski, ya sha gahawa, ya fito baranda da singileti, ya juya kujerarsa ta fuskanci bakin layi. Ya gaya wa kansa iska yake sha.

Da hantsi babur ya ɓullo. A bayan Melanio akwai wani saurayi cikin sabuwar shuɗiyar rigar alƙalai, jaka a cinya. Hanyar filin da za su ba ta nan ba ce, sai an yi zagaye. Melanio ya rage gudu, ya tsaya a bakin layi, ya sauke ƙafa ɗaya. Bai kashe inji ba. Ya dubi gidan kawai, ya jira.

Cleto ya miƙe, ya riƙe ƙarfen baranda da hannu biyu.

"Kompai," ya ce.

A cikin kansa kalmar ta yi ƙara kamar tsawa. Amma mai ciwon kunne ba ya sanin nauyin muryarsa, tasa kuma ba ta saba da irin wannan aikin ba. Ko kazar da ke tono a ƙofar gida ba ta ɗago kai ba. Melanio ya ƙara jira kaɗan. Saurayin ya dubi agogo ya ce wani abu. Melanio ya ɗauke ƙafarsa, babur ya karkata ya shige cikin rake.

Cleto ya daɗe a tsaye yana jiran amsa, don shi a saninsa ya kira.